William Morris: Ɗan gatan da ya zaɓi shiga marina



Bari in fara da wani abin haushi da ya same ni. Ranar wata Alhamis na wanke farar shaddata da nake ji da ita, na shanya a kan wayar da ke bayan ɗakin kwananmu na makaranta, da niyyar in saka ta zuwa Juma'a. Da dare aka yi yayyafi. Gari na wayewa na je ɗauka, sai ga wani dogon layi ja-ja ya ratsa kafaɗa daga wannan gefe zuwa wancan. Tsatsa ce! Babu irin sabulun da ban gwada ba. Tabon ya ɗan dusashe, amma fita kam ya ce bai san zance ba.

Bayan 'yan kwanaki ina cikin latsa waya, sai na ci karo da bidiyon wata mata a TikTok tana yin wannan ɓarnar da gangan. Ta jiƙa farin yadin auduga da ruwan khal, ta jera masa tsofaffin ƙusoshi da makullai da guntun sarƙar keke, ta naɗe, ta ƙunshe a leda. Bayan kwana biyu ta kwance, sai ga hoton kowane ƙarfe ya fito raɗau a jikin yadin, wani wajen ruwan goro, wani wajen ruwan ƙasa. Jama'a sai yaba mata suke yi. Ashe rini da tsatsa wani fanni ne mai zaman kansa da mutane ke yi don nishaɗi, wasu har baje kolinsa suke yi.

Ka san halin ɗalibin aikin jarida da bin diddigi. Na shiga karance-karance a kan rini, kuma duk inda na leƙa sai in ga sunan wani Bature ɗan Ingila da ya rasu tun 1896. Sunansa William Morris. Tarihinsa nake so mu duba yau, domin yana da amsa ga musun nan da muke ta tafkawa a Facebook da X kan wai tsakanin digiri da sana'a wanne ya fi.

Ɗan gata daga Walthamstow

An haifi Morris ranar 24 ga Maris, 1834, a Walthamstow, wani ƙauye a wancan lokaci wanda yanzu birnin Landan ya haɗiye. Mahaifinsa dillalin hada-hadar kuɗi ne. Ya sayi hannun jari a wata mahaƙar tagulla mai suna Devon Great Consols, jarin ya yi albarkar da ta mayar da gidan na attajirai. Ka riƙe sunan mahaƙar nan, za mu dawo kanta. Uban ya rasu a 1847, Morris na da shekara 13, amma dukiya ta ci gaba da shigowa. Da ya cika shekara 21 sai ya fara karɓar kimanin fam 900 duk shekara, a zamanin da leburan Ingila zai shekara yana aiki bai ga fam 50 ba.

Wato dai irin yaran nan ne da a wajenmu ake cewa sun tashi sun tarar. Da ya ga dama, da ya miƙe ƙafa ya ci har ya mutu.

A 1853 ya fara karatu a Kwalejin Exeter ta Jami'ar Oxford da niyyar zama limamin coci. A nan ya haɗu da Edward Burne-Jones, wanda ya zama amininsa har ƙarshen rayuwa. Su biyun suka duƙufa karanta rubuce-rubucen John Ruskin, wani masani da ke sukar yadda masana'antu suka mayar da ma'aikaci tamkar ƙusa a jikin inji, yana maimaita abu guda daga safe zuwa dare, ba ya ganin farkon abin da yake ƙerawa balle ƙarshensa. Wannan magana ta zauna wa Morris a rai. A 1855 suka je yawon buɗe ido arewacin Faransa, suka ga tsofaffin majami'un da magina da masassaƙa suka gina da hannu ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Kafin su dawo gida sun yanke shawara: limanci a kai kasuwa, fasaha za su yi.

Ya fara koyon zanen gine-gine a ofishin George Edmund Street a 1856, bai cika shekara ba ya bari. Ya koma zanen hoto, shi ma bai gamsu da hannunsa ba. In kana cikin waɗanda suka gama makaranta suna ta laluben inda za su dosa, to ka sani ba a kanka farau ba.

Gidan da ya haifi kamfani

A 1859 ya auri Jane Burden, 'yar wani mai kula da dawaki a Oxford. Abokinsa Philip Webb ya zana musu gida na jan bulo a Bexleyheath, wanda har yau ake kira Red House. Da aka zo zuba kaya sai aka yi cirko-cirko, domin duk abin da Morris ya gani a kasuwa bai yi masa ba. A ganinsa kayan inji ne masu ƙyale-ƙyale, ba inganci. Sai ya tara abokai suka yi da kansu: wannan ya zana kujera, wancan ya yi zanen bango, shi da matarsa suka yi aikin allura a labulaye.

Daga nan tunanin kasuwanci ya zo. A 1861 su bakwai suka kafa kamfanin Morris, Marshall, Faulkner & Co., suna yin gilasan tagogi masu launi, da kujeru, da tayil, da ɗinkin ado, daga baya kuma takardun ado na manna wa bango. A 1875 Morris ya karɓe ragamar kamfanin shi kaɗai, sunan ya koma Morris & Co. Kada kuma ka manta, duk wannan lokacin rubutu yake yi. Dogon waƙensa mai suna The Earthly Paradise, wanda ya fito tsakanin 1868 da 1870, ya sa Ingila ta san shi a matsayin babban marubucin waƙoƙi tun kafin ta san shi da zanen yadi.

To a nan ne gizo ke saƙar. Zai zana fure da ganye a takarda yadda yake so, ya aika wa masu buga yadi, in kaya suka dawo sai ya ga launin ba shi ba ne.

Launin da aka tatso daga kwalta

Don ka gane matsalar, sai mun ɗan koma baya. A 1856 wani ɗalibi ɗan shekara 18 mai suna William Henry Perkin yana ƙoƙarin haɗa maganin kwinin na zazzaɓin cizon sauro a ɗakinsa a Landan, daga sinadaran da ake samu a kwaltar kwal. Maganin bai haɗu ba, sai ya samu wani baƙin dagwalo da ke rina siliki shunayya. Wannan kuskuren ne ya buɗe ƙofar rinin sinadari a duniya. Kafin ka ce kwabo launuka sababbi sun cika kasuwa, ga haske, ga araha, ga saurin aiki. A 1868 wasu Jamusawa biyu suka haɗa jan launin da a da sai daga saiwar wani tsiro mai suna mada ake samunsa. Cikin 'yan shekaru manoman mada a Faransa da Holan suka rasa kasuwa.

Da kasuwa ta juya, sai ilimin ma ya fara gudu. Marinan da suka san sirrin saiwa da ganye da ɓawo suka tsufa, yaransu suka koma awon garin sinadari.

Morris ya tsani sababbin launukan nan, kuma ba don ƙin zamani kawai ba. Hujjarsa ita ce suna da tsawa a ido, sannan in rana ta dake su sai su rikiɗe su koma wani abu mai muni. Rinin gargajiya kuwa, ko ya koɗe, hasken launinsa na asali yake komawa, yana tsufa da mutuncinsa. Duk wanda ya taɓa sayen atamfa mai araha ta zuba a wankin farko ya san inda maganar ta dosa.

Zuwa da kai ya fi aike

Ga abin da ya sa na zaɓi mutumin nan. Mai kamfani ne, sanannen marubuci, shekararsa 41. Zai iya zama a ofis yana aika wasiƙun faɗa. Maimakon haka, a 1875 ya hau jirgin ƙasa zuwa Leek, wani ƙaramin garin masu siliki a yankin Staffordshire, wajen wani marini mai suna Thomas Wardle wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Daga 1875 zuwa 1877 ya yi ta zarya, in ya je sai ya yi makonni. Yana sa rigar leburori da takalmin katako, yana tsayawa a bakin tukunya tare da ma'aikata tun safe.

Da yake abin da yake nema ya fara ɓacewa daga hannun mutane, sai ya koma wa littattafai. Ya tono tsofaffin littattafan rini na Faransa, da littafin tsirrai na John Gerard na 1597, yana karantawa yana gwadawa. Ja daga saiwar mada da wasu ƙananan ƙwari da ake busarwa. Rawaya daga wani tsiro mai suna weld. Ruwan ƙasa daga saiwa da ɓawon bishiyar walnot. Shuɗi kuma daga baba, wanda a lokacin galibi daga Indiya ake kai shi Turai. Ya koyi cewa yawancin launukan nan ba sa kama zare sai an fara jiƙa shi da abin da zai riƙe su, kamar alam ɗin nan da muke tace ruwa da shi.

Baba ne ya fi ba shi wuya. Shi baba ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Sai an haɗa shi an bar shi ya nuna, marini na lura da warinsa da kumfarsa kamar mai jinya. In aka tsoma yadi aka ɗago, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya juye shuɗi a gaban idonka. In kana son ya yi duhu, ka sake tsomawa, ka sake ɗagowa, har sai ya kai. Tukunyar baban da Morris ya yi aiki da ita a Leek zurfinta ƙafa 9 ne, kuma a binne take a ƙasa har baki.

Na san wanda ya taɓa zuwa Ƙofar Mata a Kano ya fara murmushi. Ai wannan karofi ne! Ramukan rinin nan da ake danganta kafuwarsu da shekarar 1498, da baba da toka da kanwa ake haɗa su, kuma tsomawa da ɗagowar duk ɗaya ce. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa rinannen tufafin Kano na kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Ka ga ke nan abin da attajirin Ingila ke fama ya farfaɗo da shi daga tsofaffin littattafai, a lokacin a Kano da Kura sana'ar yau da kullum ce.

Hannuwan Morris suka rine shuɗi har ya zama abin zolaya a wajen abokansa. Haka yake yawo da su a Landan, haka yake zuwa taro. Kuma ba a cikin kwanciyar hankali yake wannan aiki ba. A 1876 babbar 'yarsa Jenny, yarinya mai ƙoƙarin karatu, ta kamu da farfaɗiya, ciwon da ya bi ta har ƙarshen rayuwarta kuma ya tsaya wa uban a zuciya. Aurensa ma ba daɗi, don zuciyar matarsa ta daɗe da karkata ga abokinsa mai zane, Dante Gabriel Rossetti.

Ba rini kaɗai ya yi wa haka ba. A 1879 ya kafa masaƙa a ɗakin kwanansa don ya koya wa kansa saƙar hoto irin ta rataye wa bango. Yakan tashi da asuba ya yi saƙa kafin ya fita aiki. Ya rubuta lissafin lokacin da saƙarsa ta farko ta ci: awa 516, daga Mayu zuwa Satumba. Ƙa'idarsa ke nan: ba ya sa ma'aikaci aikin da shi kansa bai fara koya da hannunsa ba.

Ɓarawon lambu

Mutum ne mai zafin rai, kuma ba ya karɓar "ai ya yi kusa". Shi da Wardle sun sha samun saɓani kan launin da bai fito daidai ba. A ƙarshe ya ga gara ya buɗe tasa marinar. A 1881 ya karɓi hayar wata tsohuwar masana'antar buga yadi a Merton Abbey, a bakin Kogin Wandle, bayan ya tabbatar ruwan kogin zai yi rini. A nan ya haɗa marina da masaƙa da masu buga yadi da masu gilashi a wuri guda.

A 1883 ya fitar da zanen da ya fi kowanne shahara, Strawberry Thief, wato ɓarawon 'ya'yan sitiroberi. Asalinsa wasu tsuntsaye ne da ke satar 'ya'yan itacen a lambun gidansa na ƙauye a Kelmscott. Dubi wahalar da ke cikin yin sa. Za a tsoma yadin gaba ɗaya a baba ya yi shuɗi. Sai a ɗauko hatimin katako da aka sassaƙa zanen a jiki, a dangwala a sinadarin da ke cinye launi, a bi yadin ana bugawa da hannu, wani wajen ya koma fari, wani wajen shuɗi mai haske. A wanke, a shanya. Sannan a dawo a shigar da ja, a sake dawowa a shigar da rawaya. Aikin kwanaki ne a kan yadi guda, kuma kuskure ɗaya ya isa ya ɓata komai.

'Yan'uwa mata, ga naku. Ƙaramar 'yarsa May ta karɓi shugabancin sashen ɗinkin ado na kamfanin a 1885, tana da shekara 23, sa'ar da yawa daga cikinmu.

To ina maganar tsatsa?

A 1889 Morris ya rubuta wata maƙala a kan rini a matsayin fasaha. A ciki ya taɓo ƙarfe, kuma gargaɗi ya yi. Ya nuna cewa in ana son baƙi mai ƙarko, gara a rina zare da baba ya yi duhu sannan a bi shi da walnot, maimakon a yi amfani da ƙarfe, domin rinin ƙarfe na cin zare. Ya ba da misali da tsofaffin dardumomin Farisa, inda za ka ga sauran launuka na nan amma wajen baƙin ya zube. Masu adana kayan tarihi a yau sun san wannan matsala sarai.

Abin da bidiyon minti ɗaya ba zai tsaya ya gaya maka ba ke nan. Tsatsa ƙarfe ne da ya haɗu da iska da danshi. Khal da gishiri hanzarta ta suke yi. Tana shiga cikin zare ta zauna daram, shi ya sa ta ƙi barin shaddata, amma in ta yi yawa tana raunana yadin a hankali har ya fara yagewa. Don haka masu wannan aiki ke ɗauraye yadi sosai bayan sun kwance shi, kuma sun fi yin abin ratayewa da shi a kan kayan sawa na kullum. In za ka gwada, ka sa safar hannu, don yankan tsohon ƙarfe mai datti na iya jawo cutar tetanus. Kada kuma ka yi a kwanon da ake cin abinci.

Wani abin burgewa: in ka zuba ruwan shayi mai kauri a kan tabon tsatsa, sai ya juye toka-toka ko baƙi, saboda sinadarin ɗacin da ke cikin ganyen shayi na haɗuwa da ƙarfe. Wannan ma ba baƙon ilimi ba ne a wajenmu. Kuloko da dukawa ke baƙanta fata da shi daga ƙarfe ake haɗa shi, kuma yana kamawa ne saboda bagaruwar da aka jeme fatar da ita. A Mali ma, masu yadin bogolan ganyen marke suke fara jiƙa yadi da shi, sannan su yi zane da laka mai ƙarfe a ciki, wajen ya koma baƙi.

Mutum tara yake bai cika goma ba

Kada ka ɗauka waliyyi nake ba ka labari. Ka tuna mahaƙar nan ta Devon Great Consols? Da tagulla ta ja baya, sai ta koma ɗaya daga cikin manyan masu samar da gubar asinik a duniya, kuma Morris ya zauna a kujerar daraktocinta har tsakiyar shekarun 1870. A wancan zamani ana haɗa wani koren fenti da wannan guba, ana sa shi a takardun bango. Binciken da aka wallafa a 2003 ya gano gubar a koren ɗaya daga cikin takardun bangon kamfaninsa na farko-farko. Kamfanin ya daina amfani da ita daga baya, amma ko a 1885, da aka kawo masa ƙorafi, Morris ya ɗauki tsoron da jama'a ke yi a matsayin ruɗu kawai. Mutumin da ya iya hango illar masana'antun wasu, ya kasa ganin ta gidansu. Laifi tudu ne.

Tabo na biyu shi da kansa ya gan shi, kuma ya hana shi sukuni. Burinsa shi ne talaka ma ya zauna da kaya masu kyau a ɗakinsa. Amma aikin hannu na cin lokaci, lokaci kuma kuɗi ne. Yadin ɓarawon lambun nan na cikin mafi tsadar yadin audugar kamfanin. Su wa ke saye? Masu masana'antun nan dai da yake suka. An ruwaito cewa wata rana yana aikin ƙawata gidan wani attajirin mai sarrafa ƙarfe, sai aka ji shi yana ta sababi shi kaɗai, yana kukan cewa ya ƙare rayuwarsa a hidimar almubazzarancin masu kuɗi.

Wannan damuwa ce ta tura shi siyasa. A 1883 ya shiga ƙungiyar masu ra'ayin gurguzu, a ƙarshen 1884 ya jagoranci kafa wata sabuwa mai suna Socialist League. Attajiri guda ya koma tsayawa a bakin titi yana yi wa leburori jawabi yana sayar da jarida, har kotu ta taɓa cin sa tara a 1886 kan tare hanya. Ko ka yarda da aƙidarsa ko ba ka yarda ba, tambayar da ya yi tana nan da ranta: wa ya yi kayan da kake sawa, a wane hali, kuma nawa aka biya shi?

A 1891, yana da shekara 56, ya sake zama ɗan koyo. Ya kafa maɗaba'ar Kelmscott, ya zana haruffansa da kansa, ana buga littattafai da injin hannu. Littafinta mafi girma, na waƙoƙin Geoffrey Chaucer mai hotuna 87 na amininsa Burne-Jones, ya kammala a Yunin 1896. Ranar 3 ga Oktoba na shekarar Morris ya rasu yana da shekara 62. An ce wani likita ya bayyana cewa ba wani ciwo ba ne ya kashe shi illa aikin da ya fi na mutum goma. A keken doki na gona da aka yi wa ado da ganye aka kai gawarsa maƙabartar ƙauyen Kelmscott.

Shekara guda bayan rasuwarsa, a 1897, kamfanin BASF na Jamus ya fito da baban sinadari kasuwa. Noman baba a Indiya ya durƙushe cikin 'yan shekaru. Kamfanin Morris ya rufe a 1940, amma zanensa bai mutu ba. Har gobe ana buga shi a labule da kofin shayi da rigar waya. A 2018 ma kamfanin tufafi na H&M ya fitar da kaya da zanensa, wato irin kayan yayin nan na inji da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙa. Duniya ke nan.

Mu kuma fa?

Ka lura, Morris bai zaɓi tsakanin digiri da sana'a ba. Karatun da ya yi ne ya ba shi damar buɗe littafin da ya shekara kusan 300 ya fahimce shi. Tukunyar Wardle ce kuma ta nuna masa abin da littafin bai faɗa ba. Da ya tsaya a ɗaya, da yau ba ma zancensa. Gaskiya ne yana da kuɗin da mu ba mu da su, kuma kuɗi ne suka ba shi sararin yin kuskure. Amma akwai abin da muke da shi wanda shi sai da ya sha wuya ya samu: malaman na nan da ransu. Marini na nan, baduku na nan, masaƙi na nan, mai ɗinkin hula na nan, wataƙila ma a cikin gidanku. Abin da ya yi ƙaranci shi ne matashin da zai cire girman kai ya durƙusa a gabansu. Muna iya kallon bidiyo hamsin na rini a dare ɗaya, amma muna jin kunyar a ganmu da shuɗin hannu.

Shawarata a hutun nan ita ce, ka gwada rinin tsatsar in yana burge ka, ba ya cin komai sai tsohon ƙyalle da ƙusoshi. Amma kada ka tsaya a ɗaukar hoto. Ka wanke shi sau biyar ka ga abin da zai faru. Ka shanya rabi a rana, ka ɓoye rabi, ka gwada su bayan wata guda. Sannan ka nemi wani dattijo mai sana'a a unguwarku, ka gaishe shi da ladabi, ka roƙi ya bar ka ka zauna kusa da shi ko da na mako biyu ne. Mu 'yan aikin jarida kuma, wayar da ke hannunmu ta isa ta adana ilimin da in mai shi ya tafi, ya tafi ke nan.

Shaddata fa? Marina na kai ta. Dattijon da ya karɓa ya ɗaga ta a rana, ya shafa tabon da babban yatsa, ya gaya mini tun kafin ya tsoma cewa baba zai rufe shi amma ba zai ɓoye shi duka ba. Haka kuwa aka yi. Yanzu shuɗiya ce, kuma in ka matso kusa za ka ga wani siririn layi mai duhu a kafaɗa. Da ita na je Juma'ar da ta wuce.